Kujerar da Ta Fi Gida Tsada: Amsa ga Wani Kafinta daga Na'ibawa

Wani matashi kafinta da ke da rumfa kusa da 'Yan Katako na Na'ibawa ya aiko mini da hoton wata doguwar kujera ta ƙarfe da ya gani a Instagram, wadda aka rubuta a ƙarƙashinta cewa an sayar da ita a kan kuɗin da ya haura fam miliyan biyu. Yana so ya san ko irin wannan aiki fasaha ce ta gaskiya ko kuwa dabarar cin kuɗin attajirai ce, yana so ya san ko kafintan Kano zai iya shiga wannan fage, sannan yana da damuwa a kan kalmar sassaƙa da ya ga ana yawan haɗawa da irin waɗannan kaya, domin a kunnensa sassaƙa maƙwabciyar gunki ce.

Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kujerar da ka turo hotonta sunanta Lockheed Lounge, kuma wani mutumin Ostireliya mai suna Marc Newson ne ya ƙera ta a ƙarshen shekarun 1980, lokacin yana matashi bai daɗe da barin makaranta ba. Ya yi gangar jikinta da roba mai tauri, sannan ya bi ta da ƙananan fallayen alminiyom da aka bubbuga da guduma ɗaya bayan ɗaya, aka ɗinke su da ɗaruruwan ƙananan ƙusoshi, har ta fito kamar jikin tsohon jirgin sama. Waɗanda aka yi duka ba su wuce goma sha biyar ba, kuma a watan Afrilu na 2015 kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da ɗaya daga cikinsu a Landan a kan fam miliyan 2.4. Ba ita ce mafi tsada ba ma, domin a 2009 an yi gwanjon wata kujera da Eileen Gray ta yi wajen 1917 zuwa 1919, aka saye ta a birnin Faris a kan yuro miliyan 21.9. Idan ka tambaye ni ko akwai alminiyom ko fatar da ta kai wannan kuɗi, amsata babu. Abin da mai saye yake biya shi ne ƙarancin abin, da sunan wanda ya yi shi, da kasancewarsa na farko a irinsa, da takardun da ke nuna hannun da ya bi tun daga ranar da ya bar maƙera. Akwai kuma kaso na gasar masu kuɗi a ciki, irin wadda muka sani a nan idan manya biyu suka ɗora ido a kan ingarma ɗaya ana gab da hawan sallah, kuma ba zan ɓoye maka cewa wasu kayan da ake zuzutawa a wannan kasuwa ba su da komai sai kurari ba. Amma farashin gwanjo shi ne abu mafi ƙarancin amfani gare ka a cikin wannan labari, don haka mu ajiye shi mu dubi aikin.

Kayan ɗaki iri uku ne ta fuskar yadda ake samar da su. Akwai na masana'anta da ake bugawa dubbai, akwai na oda irin wanda kake yi idan uwar amarya ta kawo maka hoto ta ce ka yi mata irinsa, akwai kuma na ukun da kake tambaya a kai, wanda mai yinsa yake farawa da wani tunani nasa na kansa, ya nemi kayan aikin da zai ɗauki wannan tunani, ya yi guda ɗaya ko 'yan kaɗan, ya sa musu suna da lamba da hannu. Ana kiransa sassaƙa mai amfani ne saboda ana kallonsa ta kowace fuska kamar yadda ake kallon aikin masassaƙi, amma kuma ana zama a kansa, ko a ci abinci, ko a adana tufafi a cikinsa. Ba'amurke Wendell Castle, wanda ya rasu a 2018, yana cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya tun a shekarun 1960, kuma dabararsa abu ne da kowane kafinta zai gane nan take: yakan jera fallayen katako ɗaya bisa ɗaya da gam har su zama ƙaton gungume, sannan ya shiga fafe shi yana sassaƙawa har kujera ko tebur ya fito ba tare da kusurwa ko mahaɗa da ido zai gani ba. A 1985 ya yi wani aiki mai suna Ghost Clock, wanda duk mai kallo zai rantse agogon tsaye ne aka lulluɓe da farin zane aka ɗaure da igiya, alhali zanen da igiyar duk katako ne, kuma babu agogo a ciki. Wannan aiki, a ganina, shi ne kan iyaka, domin da zarar amfani ya fita gaba ɗaya to an bar kayan ɗaki an shiga wani fagen dabam. Wani Ba'amurken, George Nakashima, kuwa ta wata hanya ya bi: yakan bar gefen falanki yadda Allah ya halicci itacen, da tsagarsa da kullinsa, sai ya ɗaure tsagar da wani ɗan katako mai siffar fukafukin malam-buɗe-littafi don kada ta ci gaba. Abin da kai da ni aka koya mana mu yanke mu jefar, shi ya mayar adon teburin. 'Yan'uwan nan biyu na Barazil, Humberto da Fernando Campana, sun yi kujerarsu mai suna Favela a 1991 da guntattakin katako irin waɗanda yara ke kwasa a bakin rumfarka don hura wuta, suna nuni da yadda talakawan biranensu ke harhaɗa matsuguni da abin da suka tsinta.

A nan ne nake so ka bambanta ado da fasali, domin a nan yawancin abokan sana'armu na Kano suke tuntuɓe. Kujerun da muke kira na sarauta, masu fentin ruwan zinare da furannin roba da aka manna da gam, waɗanda muke kwaikwayo daga kayan Turkiyya da Dubai, suna da ado har ya yi yawa, amma idan ka ɓamɓare adon ba abin da zai rage sai akwatin katako mara kyan tsayuwa. Kayan da nake ba ka labarinsu, kyansu yana cikin ƙashinsu ne, wato yadda ƙafa ta haɗu da mazauni, da yadda nauyi ya sauka ƙasa, da yadda hannu yake ji idan ya shafa gefen. Ban raina kujerun sarauta ba, su ne suke ciyar da rumfuna da yawa, kuma ni ma na yi su shekaru. Ina dai gaya maka cewa ƙara musu zinare ba zai kai ka inda kake tambaya ba.

Waɗanda ya fi kamata ka sa wa ido su ne 'yan Afirka, saboda matsalarsu irin taka ce, ta wutar lantarki da ƙarancin injina da tsadar kaya. Hamed Ouattara na Burkina Faso yana yin kabad da durowa da kujeru a Wagadugu da tsofaffin gangunan mai, ana yanka su a miƙar da guduma, kuma yakan bar fentinsu na asali da tsatsarsu da ƙujewarsu su zama launin kayan, har maɓallai da hinjin ƙofa a wurinsa ake ƙera su da hannu. Ousmane Mbaye na Dakar mai gyaran firiji ne kafin ya koma yin kujeru da bututun ƙarfe da murafen ganga. Cheick Diallo na Mali, wanda ya karanta zanen gine-gine a Faransa, yana lanƙwasa rodi ya yi ƙashin kujera, sannan masaƙa a Bamako su naɗe ta da zaren roba irin na masunta, wato dai kujerar nan ta ƙarfe da roba da muke zama a kai a ƙofar gida, sai dai shi ya zauna ya sake tunanin surarta tun daga tushe. Jomo Tariku, Bahabashe mazaunin Amurka, ya ɗauko lanƙwasar ƙahon wata barewar duwatsun Habasha ya yi mata kujera mai suna Nyala, ya kuma ɗauko siffar mataji ya yi wata, wadda gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saka cikin kayansa. A Mozambik kuma Gonçalo Mabunda yana walda karagu da ɓaraguzan bindigogi da kwanson rokoki da aka tattara bayan yaƙin basasar ƙasar da ya ƙare a 1992, kuma duk wanda ya ga karagar mulki da aka gina da bakin bindiga ba ya bukatar a yi masa bayani.

A gida Najeriya, dattijo Demas Nwoko, wanda aka haifa a 1935 kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, ya shafe rayuwarsa yana gini yana kuma ƙera kujeru da ƙofofi da kayan ƙasarmu, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin gine-gine na Venice a 2023. Tosin Oshinowo, wadda ta zana sabon ƙauyen Ngarannam a Borno, tana da kamfanin kujeru a Legas da ke lulluɓe su da saƙin Yarabawa. Lani Adeoye ta ci lambar farko ta matasan masu zayyana a bikin kayan ɗaki na Milan a 2022. Yinka Ilori a Landan ya fara suna ne da tsofaffin kujerun da yake tsintowa ya wargaza ya sake haɗawa da launuka masu ƙarfi. Wanda na fi so ka nazarta shi ne Nifemi Marcus-Bello na Legas, wanda ya ci kyautar zayyana ta kamfanin agogo na Hublot a 2022, saboda hanyarsa ita ce ya fara zagaya gari ya ga abin da masu sana'a suka riga suka iya, sannan ya zana abin da hannunsu zai fitar. Wata 'yar kujerarsa ta fallen ƙarfe, masana'antar da ke yin gidan janareta ce ta lanƙwasa ta. Wasu bencinansa masu zubin tagulla na birnin Benin ne suka zuba, wasu kuma masu narka alminiyom suna zuba kayan gyaran mota a Legas. Har ya yi bincike a kan abin nan da 'yan talla suke ratayawa su jera alewa da cingam a tsakiyar titi, wanda a can ma sunansa kwali, kalmar da kai da ni muka sani tun muna yara.

To me Kano take da shi? Kafin kujerar kushin ta shigo, kakarka tana da kujerar tsugunno da masassaƙi ya fafe daga gungume ɗaya da gizago, ba ƙusa ba gam, ga zanen wuta a ƙafafunta, kuma tana nan da ƙarfinta bayan shekara hamsin a gindin murhu. Akwai akushi, akwai turmi, akwai tumtum na dukawa, akwai faifai da tabarma, akwai ƙwarya mai zane, akwai jeren kwanuka a ɗakin amarya wanda ba don ci aka jera shi ba sai don kallo. Wato Bahaushe ya daɗe da sanin abin amfani da ake ajiyewa don ido. Har gobe akwai majema da dukawa a cikin birni, akwai marina ta Ƙofar Mata, akwai maƙeran fari da na baƙi, akwai kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, akwai tsohon ƙarfe a Ƙofar Ruwa. Na taɓa zama yini guda wurin masu zubin tukunyar alminiyom ina kallo: maigidan ya danna tsohuwar tukunya cikin damammen yashi a akwati biyu, ya tattake da dugadugansa, ya zare ta a hankali ya bar gurbinta, yaronsa ya ɗauko narkakken ƙarfen da aka haɗa daga gwangwanaye da tsofaffin kayan inji ya tsiyaya ta wata 'yar kafa, kafin a sha ruwa an fasa yashin ga tukunya tana tururi. Wannan ita ce dabarar da ake yin bencin da ake kaiwa baje koli a Amurka, ba ƙari ba ragi. Abin da ya rage kawai shi ne wani ya kawo wa mutumin nan sura wadda ba ta tukunya ba, ya zauna da shi har a shawo kan kauri da ramukan iska.

Sai dai ina yi maka kashedi da hanya mafi sauƙi, wadda ita ce a ɗauko tebur irin na kowa a manna masa dagi a tsakiya a ce an yi kayan gargajiya. Dagi ya gaji. Gado na gaskiya yana cikin yadda muke zama da yadda muke gini: mu mutane ne masu zama kusa da ƙasa, masu ci a faranti ɗaya, masu karɓar baƙi a zaure, kuma duk wanda ya ɗaga kai a cikin Gidan Makama ya ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi, ya tashi daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiyar rufi ya ga darasin yadda ake ɗaukar nauyi da lanƙwasa. Teburin da ƙafafunsa suka koyi wannan darasi ya fi zama na Kano a kan wanda aka yi wa tambari. Ka kuma tuna da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu, ta ci gaba da gina randunanta da hannu yadda ta gada, amma aka riƙa shafa musu ruwan gilashi ana gasa su da wuta mai tsanani. Sun yi kyau, sun zaga duniya, sai dai sun yi nauyi kuma sun daina sanyaya ruwa, tunda randa da ƙananan kafofin jikinta take sanyayawa. Duk lokacin da ka ɗauko abin gida za ka ɗaga darajarsa, ka tambayi kanka abin da zai rasa a hanya, kuma ka yanke shawarar da idonka a buɗe.

Game da damuwarka ta addini, ni ba malami ba ne, kuma hukunci na malamai ne, amma zan faɗa maka abin da na koya a zaure da yadda nake aiki da shi. Abin da malaman Malikiyya suka haramta shi ne sura mai inuwa, wato mai jiki, ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta suka cika. Surar itace da fure da duwatsu da zanen lissafi ba su shiga ciki ba, kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar yin surori da cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Lallai a wannan fage akwai ayyukan da suka faɗa cikin abin da kake gudu, kamar na Bafaranshe François-Xavier Lalanne, wanda ya yi kujeru a surar tumaki da teburin rubutu a surar karkanda, wanda aka sayar a Faris a 2023 a kan fiye da yuro miliyan 18. Ba dole ne ka bi wannan layi ba, kuma mafi yawan waɗanda na ambata maka ba sa yin surar mai rai ko kaɗan. Musulmi sun riga kowa nisa a nan, domin mumbarin masallacin Kutubiyya na Marrakesh, wanda aka fara ƙerawa a Ƙurɗuba ta Andalus a 1137, mai tsayin kusan mita huɗu, an lulluɓe shi da dubban ƙananan katakai masu launi da ƙashi da aka jera cikin zanen taurari, kuma a da liman yakan hau shi ya yi huɗuba. A zamaninmu Nada Debs ta Beirut tana ɗaukar irin wannan aikin dasa ƙwanso cikin katako tana saka shi a kayan ɗaki marasa hayaniya. Kalmar sassaƙa kuwa tamu ce tun fil azal, mai yin turmi da allo ma masassaƙi ne.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, wanda kuma na koya da asara. Shekarun baya na sayi wani faffaɗan falankin kawo a cikin watan Agusta, mai sayarwa ya tabbatar mini ya bushe, ni kuma ɗoki ya hana ni bincike. Na yi tebur da shi, na ɗaure saman da ƙasan da sukurori ta ko'ina, na goge shi har yana ɗaukar ido, mai shi ya biya ya ɗauka. Wata safiya a cikin Janairu ya kira ni ya ce da dare sun ji ƙara kamar an harba bindiga a falo, da gari ya waye suka tarar teburin ya tsage tun daga wannan baki har wancan, tsagar da yatsa ke shiga. Laifina ne ba na itacen ba. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitarwa muddin yana nan, yana kumbura a faɗinsa da damina yana tsukewa da rani, alhali tsawonsa kusan ba ya motsi. A Kano danshin iska yakan kai wajen kashi 80 cikin ɗari a tsakiyar damina, ya faɗo ƙasa da kashi 20 da hunturu, kuma wannan tazara tana iya sa saman tebur mai faɗin mita ɗaya ya motsa da santimita guda ko fiye. Katakon da aka yanko daga kudu aka loda a mota jiya, cike yake da ruwa ko da samansa ya yi kama da busasshe. Magani shi ne ka saya ka jera a inuwa, da 'yan sanduna a tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa, ka shafe bakunansa da fenti ko kakin zuma don kada su riga tsakiya bushewa su tsage, ka ɗora nauyi a sama, ka bar shi ya ga aƙalla hunturu ɗaya, mai kauri kuma biyu. Ka nemi ɗan na'urar auna danshin katako, kuɗinta bai kai na falanki biyu masu kyau ba. Sannan idan za ka ɗaura saman tebur, ka yi wa sukurori ramuka masu ɗan tsawo ta yadda katakon zai ja ya saki ba tare da ya yi faɗa da ƙashinsa ba. Ƙusa da gam kaɗai ba sa riƙe kujera shekara ashirin, sai ka koma ga mahaɗar nan ta fafe rami a zura harshe, wadda gaggawa ta sa muka watsar.

Wajen zaɓen itace, madaci da kawo da ƙirya da kanya duk suna da kyan ƙwaya da nauyi, har darbejiya da muke rainawa tana fitar da launi mai daɗi kuma ƙwari ba su cika damunta ba. Madobiya ta fi su kyau a idona, amma an yi mata kisan kiyashi saboda safarar ta zuwa Sin, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya, mai kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tun farkon 2017. Tsofaffin ƙyamare da azara da ake fitarwa idan an rushe gidan ƙasa sun riga sun bushe shekaru aru-aru, kuma sau da yawa a murhu suke ƙarewa. Idan za ka sa fata, ka nemi wadda aka jeme da bagaruwa aka kuma wanke ta sosai, domin wari shi ne abin da ya fi korar mai saye daga kayan fatarmu. Awo kuma ba wurin nuna basira ba ne: mazaunin kujerar cin abinci yana tsakanin santimita 43 da 46 daga ƙasa, tebur kuma 73 zuwa 76, kuma duk kyan kujera idan ta gajiyar da bayan mai zama ta faɗi jarrabawa. Ka juya kayanka ka gama ƙarƙashinsa da bayansa kamar yadda ka gama fuskarsa, saboda masu sayen irin wannan kaya can suke fara leƙawa.

Batun kasuwa gajere ne. Manyan dillalan wannan fanni, irin su Carpenters Workshop Gallery da aka kafa a Landan a 2006 da Southern Guild ta Cape Town da aka kafa a 2008, da bukukuwa irin su Design Miami da aka fara a 2005, ba sa ɗaukar mutum sai sun ga jerin ayyuka masu murya ɗaya, kuma la'adarsu takan kai rabin farashi. Kusa da kai akwai makon zayyana na Legas da ake yi tun 2019, akwai masu zanen gine-gine da masu tsara otal da ofis a Kano da Abuja, waɗanda su ne za su fara saya. Idan ka ce guda takwas za ka yi, to ka tsaya a takwas ko da an zo da kuɗi ana roƙo, ka buga lamba da shekara da sunanka a ƙarƙashin kowanne, ka kuma rubuta sunan baduku ko maƙerin da ya sa hannu, ka biya shi a kan gwanintarsa ba a kan yini ba. Kwaikwayo kuwa za a yi maka shi kafin wata ya zaga, wannan Kano ce. Dokar Najeriya ta ba ka damar yi wa sabon fasali rajista a ma'aikatar ciniki da masana'antu ta tarayya na shekara biyar, a sabunta sau biyu, amma sharaɗin shi ne ka shigar da takarda kafin ka bayyana shi ga jama'a, wato kafin ka ɗora hotonsa a Instagram.

Kada ka rufe rumfa ko ka daina karɓar aikin amare, domin su ne za su biya kuɗin gwajin da za ka yi. Ka ware yini ɗaya a mako, ka fara da ƙaramin abu kamar kujerar tsugunno, ka yi ta da katakon banza sau biyar ko shida kana gyara tsayi da karkata har ta zauna, sannan ka taɓa katako mai tsada. Falankin da za ka yi ta ƙarshe da shi, ka saye shi a wannan makon ka jera a inuwa. Idan ka gama ta, ka ajiye ta a ɗakinka ta ga damina ta ga hunturu, in ta fita lafiya ka kawo mini mu juya ta mu duba ƙarƙashinta tare.